Sholay: ƙarshe biyu gare shi, wanne ke cikin wayarka?

Mutum biyu za su iya yin gardama a majalisa a Sakkwato kan ko Gabbar Singh ya mutu a ƙarshen Sholay, fim ɗin Indiya da shi ne mugun cikinsa, kuma kowannensu ya zama yana da gaskiya. Kwafin da kowa ya kalla ne ya bambanta.

Wanda aka haska a silima tun 15 ga Agusta 1975 minti 198 ne. A cikinsa Thakur, tsohon ɗan sandan da Gabbar ya yanke wa hannu biyu, yana tattaka shi, sai 'yan sanda su iso su tuna masa da doka, su tafi da Gabbar. Ba haka darakta Ramesh Sippy ya ɗauka da farko ba. A nasa, mai minti 204, Thakur ne ke kashe Gabbar, sannan ya fashe da kuka. Lokacin Indira Gandhi ta kafa dokar ta-ɓaci, hukumar tace finafinai kuma ta ƙi yarda a ga tsohon ɗan sanda ya ɗauki doka a hannunsa. Dole aka koma Ramanagara, wajen duwatsun da aka ɗauki fim ɗin kusa da Bangalore, aka sake ɗaukar ƙarshen. A ganina an cuci labarin: mutumin da aka kashe wa iyali, aka nakasa shi, sai a sallame shi da nasiha.

Ba sai ka kai ƙarshe za ka gane wanne gare ka ba. Duba ko akwai inda Ramlal, baran Thakur, ke kafa ƙusoshi a ƙasan takalmin maigidansa. In akwai, cikakken ne. Tsawon minti kuwa kada ka dogara da shi in fassarar Hausa ce aka tura maka, don a irin waɗannan kwafin akan datse waƙoƙi.

Sai fasalin hoto. Da fim na milimita 35 aka yi ɗaukar, saboda tsadar kyamarar 70, daga baya aka faɗaɗa shi ta hanyar yanke sama da ƙasa. Shi ya sa tsohon faifan DVD mai hoto kusan murabba'i ke nuna abin da ba a gani a mai faɗin.

Aikin ma ya sha wuya. An fara a Oktoba 1973, fashin jirgin ƙasa kaɗai ya ci wajen mako bakwai. Danny Denzongpa aka so ya zama Gabbar, wani fim ya riƙe shi a Afghanistan, Amjad Khan ya samu. Makonnin farko kasuwa ta ƙi, har aka yi tunanin raya Jai, wato Amitabh Bachchan, wanda ke mutuwa a fim ɗin, aka fasa. Daga baya fim ɗin ya shekara biyar a silimar Minerva ta Bombay.

A 2025 Film Heritage Foundation, wata gidauniyar adana finafinai ta Indiya, ta gyara shi, ta maido da ƙarshen asali, aka fara nuna shi a Bologna ta Italiya cikin watan Yuni. In za ka je wurin masu turi, wannan za ka tambaya, ka ce a buɗe maka wurin takalmin kafin ka biya.