Ƙaramin kwale-kwale a kan babbar teku: abin da karatu da aiki suka koya mini

Tun da na dawo Kano daga karatun harkar kifi a Legas, akwai tambayar da ba ta ƙarewa a wurin 'yan'uwa da abokan aiki, musamman 'yan kasuwar kifi da ke tunanin zuba jari a su na teku. Sukan ga bidiyon kwale-kwale marar rufi yana hawa yana sauka a kan raƙuman ruwa, sai su ce, "Malam, wai wannan ɗan abin yana iya teku kuwa?" Amsata ita ce yana iyawa fiye da yadda mutumin tudu yake zato, amma da sharaɗi guda: muddin ruwa yana waje. Ranar da ruwa ya samu shiga da yawa, jirgi marar rufi ba shi da dama ta biyu.

A kwalejin kifi da fasahar teku da ke Victoria Island aka fara nuna mana cewa tsayin raƙumin ruwa ba shi ne abin tsoro na farko ba. Siffarsa ce. Akwai raƙuman da iska ta tayar da su can nesa a kudancin Tekun Atilantika, suka yi tafiyar kwanaki kafin su iso gaɓar Najeriya. Irin waɗannan suna iya kai mita biyu ko uku, amma suna da faɗi, tsakanin ɗaya da mai bi masa sai a yi daƙiƙa goma sha biyu ko fiye. Kwale-kwale yakan hau su a hankali ya sauka a hankali. Akwai kuma gajeru da iskar wurin take tayarwa nan take, masu zuwa duk bayan daƙiƙa huɗu ko biyar. Kafin goshin jirgi ya ɗago daga na farko, na biyu ya riga ya iso. Waɗannan su ne masu zubo ruwa ciki ko da ba su wuce mita ɗaya ba. A lissafi, idan tsayin raƙumi ya kai kusan kashi ɗaya cikin bakwai na tazarar da ke tsakaninsa da na gaba, ba ya iya riƙe kansa, sai ya fashe ya yi kumfa. Haka kuma yake fashewa idan ya iso wuri marar zurfi. Shi ya sa masunta suka fi shakkar bakin gaɓa da mashigar kogi fiye da tsakiyar teku, ballantana a lokacin da ruwa yake janyewa yana karo da raƙuman da ke shigowa.

Masunta 'yan Ghana da muka yi aikin koyo tare da su sun san duk wannan ba tare da allo ba. Jiragensu daga kututturen wani babban ice da 'yan Ghana ke kira "wawa" ake sassaƙa gindinsu, sannan a ɗora katakai a gefe don a ƙara wa baki tsayi, a ɗaura inji mai ƙarfin doki 40. Kafin su tura jirgi cikin ruwa sai su tsaya suna kallo suna ƙirga raƙuman, domin sukan zo ne a ayari, manya a jere sannan a ɗan samu lafawa. A wannan lafawar ake ficewa da gudu. Idan damina ta kankama, daga Yuni zuwa Satumba, lokacin da iskar kudu maso yamma take da ƙarfi, na sha ganin sun shirya tsaf, sun loda koma da mai da ƙanƙara, sun duba ruwa, sun sauke kayansu sun koma gida. Babu mai yi wa wani gori.

Darasin da ya fi zama mini a rai shi ne na ruwan da ke cikin jirgi. Mutane suna raina shi ƙwarai. A ɗauki kwale-kwalen da daɓensa ya kai mita 6 a tsawo da mita ɗaya da rabi a faɗi. Idan ruwa ya kwanta a ciki da zurfin santimita 10 kacal, wato bai gama rufe idon sawu ba, nauyinsa ya kai kilo 900, daidai da buhun siminti 18. Nauyin kaɗai ya isa ya danne jirgin, bakinsa ya matso kusa da ruwa, raƙumi na gaba ya samu shiga cikin sauƙi fiye da na baya. Amma abin da ya fi nauyin muni shi ne wannan ruwan ba ya zama wuri ɗaya. Duk wanda ya taɓa ɗauko ruwa a faffaɗan daro ya san yadda yake: da ka ɗan karkata, sai ruwan gaba ɗaya ya gudu ɓangaren da ya yi ƙasa ya ƙara rinjayar ka. Haka yake yi wa jirgi. Jirgin da babu ruwa a cikinsa, idan ya karkata yakan dawo da kansa. Wanda ruwa ke yawo a cikinsa, idan ya karkata sai ruwan ya bi shi ya riƙe shi a can. To idan aka haɗa da mutanen da suka firgita suka ruga gefe guda, an gama.

Saboda haka a jirgin masunta na teku, kwarfe ruwa aiki ne na mutum guda da ba ya yin komai sai shi idan ruwa ya ɓaci, kuma bokitin kwarfar a ɗaure yake da igiya. Kaya masu nauyi a ƙasa ake shimfiɗa su a tsakiya, a ɗaure. Jiragen faiba na zamani da yawa ana cusa musu soso mai hana nutsewa a ƙarƙashin daɓe da kujeru, ta yadda ko sun cika da ruwa za su tsaya a sama mutane su samu abin kamawa. Wasu kuma daɓensu ya fi ruwan waje tudu, da ƙofofi a baya da ruwa ke fita da kansa. A ganina, duk mai son sayen ƙaramin jirgi don teku ya fara tambayar waɗannan biyun kafin ya tambayi gudun inji.

Sai tuƙi. Ba a ba raƙumi gefe, domin raƙumin da ya fashe a kan haƙarƙarin ƙaramin jirgi yana iya kifar da shi nan take. Ana fuskantar sa ne da goshi, a ɗan kaikaice, a ƙara wuta wajen hawa a rage wajen sauka don kada jirgi ya faɗo ya daki ruwa. Abin da ya ba ni mamaki shi ne komawa gida da raƙuman a bayanka ya fi fita haɗari, alhali shi ne ya fi daɗin tafiya. Raƙumi yakan ɗaga bayan jirgi ya tura shi da gudu, goshi ya nutse cikin na gaba, baya ya juyo, kafin ƙiftawar ido jirgi ya ba da gefe. Gwanaye sukan hau bayan raƙumi guda su daidaita gudunsu da nasa, ba su wuce shi ba, na baya bai cim musu ba. Duk wannan kuwa da inji ake yin sa. Idan inji ya mutu, jirgi da kansa yake juyawa ya ba raƙuman gefe. Maganin da aka koya mana shi ne a jefa wani abu mai jan ruwa daga goshi da doguwar igiya, ko da bokiti ne ko koma a dunƙule, ya riƙe goshin yana kallon iska.

Wani zai ce mu a Kano ina ruwanmu da teku. Aikina yanzu yana kai ni wurin masunta da 'yan fito a madatsun ruwa na Tiga da Bagauda da Challawa, kuma ilimin bai canza ba. Madatsar ruwa mai faɗi irin Tiga, idan hadari ya taso daga gabas da iskar nan da ke riga ruwan sama isowa, cikin mintuna takan tayar da gajerun raƙuma masu zuwa a kai a kai, irin waɗanda na ce sun fi cutar da jirgi marar rufi. Kwale-kwalenmu kuwa shimfiɗaɗɗen gindi gare su da gajeren baki, don ruwa mai kwanciya aka yi su. Ga kututturan itatuwa a ƙarƙashi.

Ba na iya yin wannan magana ban tuna Bagwai ba. Ranar 30 ga Nuwamba, 2021, jirgin da ya ɗauko mutane daga ƙauyen Badau ya kife a madatsar Watari, akasarinsu ɗaliban Islamiyya da ke kan hanyar zuwa Mauludi, aka rasa rayuka aƙalla 29. Allah Ya jiƙan su da rahama. Babu raƙuman Atilantika a Watari. Rahotanni sun nuna lodi ne ya wuce kima, kuma jirgin da lodi ya danne bakinsa yana dab da ruwa, ɗan motsi kaɗan ya ishe shi.

Idan na zauna da sarkin ruwa da mutanensa, ba na zuwa musu da lissafin kwaleji, domin dattawan sun fi ni sanin ruwansu. Abin da nake roƙo shi ne, "Baba, a ja layi da fenti a jikin kowane jirgi, idan ruwa ya taɓa layin kada a ƙara ko akuya." Ina roƙon a ɗaure jarkoki marasa komai, a toshe bakinsu da kyau, a ƙarƙashin kujeru, domin kowace jarka mai lita 25 tana iya tallafe kusan kilo 25 a ruwa. Ina roƙon bokitin kwarfa biyu da filafili ko da akwai inji, da rigar ruwa mai hana nutsewa a jikin yara tun kafin a bar gaɓa, ba a jibge a gindin kujera ba. Na rigar ruwan ne ya fi wuya saboda kuɗi, kuma a nan ne nake ganin ya kamata masu hali na cikin birni da ƙungiyoyin 'yan kasuwar kifi su sa hannu kafin hadarin farko na damina mai zuwa.