Zamanmu na huɗu

Asabar, bayan isha'i.

Saura kaɗan in fasa zuwa zaman tattaunawarmu da Dakta yau. Tun jiya da la'asar na tura wa saurayina saƙo a WhatsApp, na ga ya karanta, bai ce komai ba. Na kwana ina juyi, waya a ƙarƙashin matashi. Da safe dai na daure na tari adaidaita.

Mu takwas ne a kan kujerun roba, a zagaye, babu wanda ya kai talatin. Dakta ta tuna mana cewa abin da aka faɗa a ɗakin nan, a nan zai tsaya. Sai ta kawo labarin Mary Ainsworth, masaniyar halayyar ɗan adam, wadda ta yi ta shiga gidaje a ƙauyukan kusa da Kampala ta Uganda a 1954 da 1955 tana lura da uwa da jaririnta. Daga baya a Baltimore ta Amurka ta tsara gwaji: uwa ta fita ta bar ɗan shekara ɗaya kamar minti uku, sannan ta dawo. Abin lura, in ji Dakta, shi ne dawowar. Wani yaron ya ruga a ɗauke shi, ya yi shiru. Wani ya manne mata yana kuka yana kuma ture ta. Wani ya kau da kai kamar bai gan ta ba.

Na ce, "Dakta, ni ce ta biyun nan." Muryata na rawa. Ni 'yar fari ce, Umma ba ta kiran sunana. An kai ni yaye gidan kakata, ban dawo ba sai da na shekara bakwai. Ba na zargin Umma, kunya ce, haka ta taras. Amma har yau in mutum ya yi min shiru, sai in ji kamar an sake ajiye ni an tafi.

Saurayin da ke fuskantata ya daɗe kansa a sunkuye. Ya ce shi in budurwarsa ta kira sau uku, ƙirjinsa ke cushewa, sai ya kifa wayar, alhali yana sonta. Wallahi ban taɓa zaton mai yin shiru ma a tsorace yake ba.

Aikin makon nan: in tsoron ya taso, in jira, sannan in faɗi abin da nake ji ba tare da tuhuma ba.

Bayan magariba na goge dogon saƙon da na rubuta, na tura masa: "Shirunka yana tayar min da hankali." Na bar wayar a ɗaki, na je na zauna kusa da Umma tana tsintar wake. Ba ta ɗago ba, ta dai turo min faifan muka ci gaba tare.