Abin da na koya a shirin koya wa yara sulhu ta hanyar labarai

Tunda na ajiye aiki, yanzu zan iya faɗin abin da na daɗe ina haɗiyewa a taron ma'aikata. Waɗanda muka yi aiki tare sun san shirin: mu rubuta gajerun labarai, malaman firamare su karanta wa yara, a koya musu sasanta saɓani ba tare da duka ko zagi ba.

Shugabanmu ya kafe a kan cewa dole kowane labari ya ƙare da hukunci. Yaron da ya ƙwace fensirin wani ya sha kunya, ya ba da haƙuri, a yi musabaha, sannan a rubuta darasin a ƙasa da manyan baƙaƙe. Abin da nake gani a aji kuwa daban ne. Yara su haddace darasin, su rera shi baki ɗaya, ana fita tara faɗa ya kaure a kan ƙwallo.

Na kai masa hujja. A 2014 masanin halayyar yara Kang Lee da abokan aikinsa a Kanada sun karanta wa yara masu shekara 3 zuwa 7 labarai, don su ga wanne zai sa su faɗi gaskiya. Labarin yaron nan mai ihun ƙarya cewa ga kyarkeci, wanda ƙarshensa wahala ce, bai ƙara musu faɗin gaskiya ba. Wanda ya yi tasiri shi ne na George Washington, shugaban Amurka na farko, inda yana yaro ya amsa laifinsa aka yaba masa. Tun 1932 ma wani masanin halayyar yara, Jean Piaget, ya nuna cewa ƙaramin yaro ya fi ganin laifin wanda ya fasa kofuna 15 bisa kuskure a kan wanda ya fasa ɗaya yana cikin ɓarna, domin bai gama iya auna niyya ba. Duk wanda ya taɓa raba faɗan yara ya san nan ne gizo ke saƙar: wannan ya ce da gangan aka ture shi, wancan ya rantse bai ma gan shi ba.

Shawarata ita ce a datse labarin daidai inda rigima ta yi zafi. Malami ya tambayi yara me kowanne ya gani, me ya ji a ransa. Biyu su fito su kwaikwaya, sannan su yi musanyar matsayi. Shugaban ya ce labarin da ba shi da ƙarshe ba zai shiga rahoton masu ba da tallafi ba, ya kuma cire sunana daga kwamitin rubutu.

Wasu malamai sun gwada hanyar tawa a ajujuwansu ba tare da sanarwa ba. Ranar da baƙi suka zo duba shirin, ajujuwan nan aka kai su, shugaban kuma ya tsaya yana bayanin sabon salon da ya ɓullo da shi. Ina tsaye a bayan aji ina riƙe da jakar littattafai.

Sauran darussan ba su da tsawo. Labari kada ya wuce minti biyar. Dabbobi sun fi sunayen mutane, don kada a laƙaba wa wani yaro sunan mugun da ke cikin labarin. Malamin da ke riƙe da bulala ba zai iya koyar da sulhu ba, komai kyan littafin da ka ba shi.

Ga wanda zai gaje ni kuma: duk shawarar da za ka kawo, ka aika ta a rubuce, da sunanka da kwanan wata, ka ajiye kwafi a wajenka.