Abin da acl_valid yake dubawa, da abin da ba ruwansa da shi

Mai rubuta manhaja da harshen C a Linux, in zai taɓa izinin fayil fiye da abin da chmod, umarnin sauya izinin fayil, ke iya yi, sai ya bi ta laburaren libacl. Tushensa daftari na 17 ne na ƙa'idar POSIX.1e, wanda aka janye a 1998, amma Linux da FreeBSD suka ci gaba da aiki da shi abinsu.

Kafin ka ɗora jerin izini, wato ACL, a kan fayil, ka fara miƙa shi ga acl_valid, aikin laburaren da ke duba ingancin jerin. Sharuɗɗansa kaɗan ne. Layi ɗaya tak na mai fayil, wato ACL_USER_OBJ, ɗaya na rukuninsa, ACL_GROUP_OBJ, ɗaya na sauran jama'a, ACL_OTHER. Kada lambar mutum ko ta rukuni ta fito sau biyu.

Inda gizo ke saƙar shi ne ACL_MASK, layin da ke yi wa izini iyaka. Da zarar ka ƙara wani mutum daban, misali u:1005:rw-, wato mai lamba 1005 da izinin karatu da rubutu, layin nan ya zama wajibi. Wanda ya saba da setfacl, umarnin ɗora ACL a kan fayil, yakan manta, domin setfacl da kansa yake lissafa shi. Laburaren kuwa ba zai yi maka ba, sai ka kira acl_calc_mask, wanda ke tattara izinin rukunin fayil da na duk mutane da rukunonin da aka ƙara.

In jerin bai cika sharaɗi ba, amsar acl_valid ita ce -1 da EINVAL, shi ke nan, ba bayani. Shi ya sa a Linux na fi son acl_check: zai nuna maka lambar layin da ya ɓata, ya kuma ce ko rashi ne, ACL_MISS_ERROR, ko maimaici, ACL_DUPLICATE_ERROR.

Amma fa siffa kawai ake dubawa. Ko babu mai lamba 1005 a na'urar, jerin zai wuce. Haka in iyakar ta tsaya a r--, wato karatu kawai, alhali ka ba mutumin rw-, zai wuce lafiya lau, mutumin kuma ya kasa rubutu. Wannan yakan faru ne bayan wani ya yi chmod g-w don cire wa rukuni izinin rubutu, domin a fayil mai ACL_MASK, iyakar nan ce chmod ke taɓawa, ba izinin rukuni ba.

Akwai kuma jerin da babu layi ko ɗaya: acl_valid zai ƙi shi, amma acl_set_file, mai ɗora jerin, yana karɓarsa a kan folda da ACL_TYPE_DEFAULT, yana nufin a goge izinin da sabbin fayiloli ke gada. Sai ka ware wannan kafin ka kai ga dubawa.