Abin da hannun totur ya koya mini kafin in bar garejin

Na bar garejin da na koyi gyaran babur a cikinsa, kuma da yake abokan sana'a suna ta tambayata dalili, na ga gara in rubuta shi sau ɗaya in huta. Duk maganar a kan hannun totur ta taru, wato aikin da manyan makanikai suke tura wa yara saboda suna ganin ba shi da wani sirri.

Kayan ba su da yawa: bututun da ake zura wa ƙarfen kan babur, wanda kaurinsa milimita 22 ne a yawancin babura, sai gida mai ɓari biyu da sukurori suke haɗawa, sai waya mai ɗan dunƙulen ƙarfe a baki wanda yake zama cikin gurbinsa a jikin bututun. Abin da na daɗe ban ji wani ya faɗa a fili ba shi ne, hannun mai tuƙi ne yake buɗe totur, kuma hannu yana da ƙarfin da zai murɗa shi ko da an haɗa shi a karkace, amma a babur mai waya ɗaya babu mai rufe shi sai sifirin ɗin da ke cikin kabureta. Duk abin da ya ƙara gogayya a hanya, ko matsewar gida ce, ko lanƙwasar waya, ko robar hannu da ke shafar gefe, da wannan ɗan sifirin yake kokawa. Shi ya sa manyan babura da yawa suke zuwa da waya biyu, ɗaya ta buɗewa, ɗaya ta rufewa.

Aikin da ya raba ni da maigidana na wani babur ne da mai shi ya sa aka canza masa kai da wanda ya fi na asali tsayi. Sabon ƙarfen bai zo da ɗan ramin da haƙorin gidan totur yake shiga ba, alhali wannan haƙori shi ne yake hana gidan juyawa. Na ɗauko abin huda ƙarfe zan auna in huda, sai maigida ya ce in goge haƙorin kawai in ɗaure sukurori da ƙarfi. Na ce, "Oga, ita ma wayar ta yi gajarta, idan aka karya kan zuwa ƙarshe tana ɗaurewa." Ya ce, "Kai yaro, yaushe ka fara koya mini aiki?" Ya karɓi aikin daga hannuna ya ƙarasa da kansa, ya murɗa totur yana tsaye, kan babur yana miƙe, injin ya yi ƙara mai daɗi, ya miƙa wa mai shi makulli.

Mutumin ya dawo da gwiwa a ɗaure. Yana juyawa a hankali, ya karya kan babur sosai, wayar ta ja da kanta, injin ya zabura ya kayar da shi. Allah ya taƙaita, babu mota a bayansa. A gabansa maigida ya nuna ni ya ce ni na haɗa, kuma a cikin ɗan abin da nake samu aka cire kuɗin sabuwar waya. Waɗanda suka ji musayarmu ranar nan duk suna tsaye, babu wanda ya ɗago kai, kuma ban riƙe su a zuciya sosai ba, domin kowa yana tsoron bakin aikinsa. Shi kuwa maigida har na tafi bai taɓa kirana gefe ya ce mini ko kalma ɗaya a kan lamarin ba. Ni na huda ramin daga baya, ni na sa doguwar waya na bi da ita ta hanyarta ta asali, kuma babur ɗin bai sake dawowa da wannan matsala ba.

Saboda haka ga wanda aka ba wannan aiki, gwajin da ya fi kowanne muhimmanci ana yin sa ne kafin a tayar da inji: a murɗa totur har ƙarshe a sake shi, dole ya koma da kansa nan take har a ji ƙarar rufewarsa, kuma a maimaita haka kai yana miƙe, yana karye dama, yana karye hagu. Bayan nan a tayar da inji a bar shi yana silo, a juya kan daga wannan ƙarshe zuwa wancan. Idan ƙarar ta ɗaga ko kaɗan, ko dai an ɗaure wayar fiye da kima, ko ta yi gajarta, ko an bi da ita ta inda bai dace ba, kuma idan gajarta ce ko hanya, babu gyaran notin daidaita waya da zai magance wannan. Wasan da ake bari kafin waya ta fara ja yakan kasance tsakanin milimita 2 zuwa 6 a gefen robar hannu, gwargwadon abin da littafin babur ɗin ya ce. Babban gyara a wajen kabureta ake yi, ƙarami a kusa da hannu, sannan a kulle notin. Idan wanda yake sama da kai ya hana ka yin waɗannan gwaje-gwaje, ka tabbata ka faɗi ra'ayinka a gaban mai babur, domin shaidar abokan aiki ba ta da tabbas.

Sauran darussan ƙanana ne. Giris mai kauri a ƙarƙashin bututu yana tara ƙura, shafa kaɗan ta isa. Gam ɗin robar hannu kada ya zubo tsakanin bututu da ƙarfe, kuma a bar ɗan tazara a bakin ƙarfen. Sukurorin baburan Japan da yawa, musamman masu ɗan ɗigo a kai, na tsarin JIS ne, wato ma'aunin masana'antun Japan, sukundireban Phillips yana cinye musu kai. Sababbin babura masu totur na lantarki, irin wanda Yamaha ta sa wa R6 a 2006, na'ura ce take buɗe musu hanyar iska, amma ko a cikinsu sai an duba cewa hannun yana komawa da kansa. A inda nake aiki yanzu akwai akwatin wayoyi masu tsayi daban-daban, kuma ba sai na nemi izinin kowa ba kafin in huda rami.