Teburin farko bayan alƙali ya yanke ɗaurin talala

Aikina a Katsina shi ne karɓar mutanen da kotu ta samu da laifi amma ba ta tura su gidan gyaran hali ba. Daga kotun majistare ko ta shari'ar Musulunci ake kawo su da takardar hukunci. Ni ke buɗe musu fayil, in yi musu tambayoyi, in karanta musu sharuɗɗa, sannan in miƙa su ga jami'in da zai riƙa bibiyarsu. Sashen namu bai daɗe ba. A 2019 ne Shugaba Muhammadu Buhari ya sa hannu a dokar da ta mayar da hukumar gidajen yari ta zama ta gyaran hali, ta kuma raba aikin gida biyu: masu tsare mutane a ciki, da mu masu kula da waɗanda ke yin hukuncinsu a waje. Dalilin a fili yake. Kusan kashi biyu cikin uku na waɗanda ke tsare a ƙasar nan jiran shari'a suke yi, ɗakuna sun cika maƙil, kuma yaron da ya shiga saboda satar waya sau da yawa da ilimin fasa shago yake fitowa.

Ba kowa ke zuwa teburina ba. Dokar tarayya ta 2015 kan gudanar da shari'ar laifuka ta hana a yanke aikin hidimar al'umma ga wanda ya yi amfani da makami, ko ya yi laifin lalata, ko laifin da ɗaurinsa ya haura shekara 3. Sakin talala ga wanda ya riga ya daɗe a ciki kuwa, dokar ta tanade shi ga mai ɗaurin shekara 15 zuwa sama ko rai-da-rai, ya nuna halin kirki, kuma kotu ce ke amincewa. Irinsu ba su da yawa. Mafi yawan waɗanda nake gani samari ne: ƙaramar sata, faɗan majalisa, cin amanar kuɗin ubangida.

Kusan kowannensu da murna yake shigowa, yana cewa an sake shi. Nan aikina na farko yake. Sai na zaunar da shi na ce, "Malam, ba a sake ka ba. Hukunci kake yi, a gida kawai za ka riƙa kwana." Ina karanta sharuɗɗan da Hausa ɗaya bayan ɗaya, sannan in ce ya maimaita mini da bakinsa. Idan ka tambaye shi ko ya gane, "Na gane, Yallaɓai" zai ce, ko da bai ji komai ba, don hankalinsa yana bakin ƙofa. Amma in ka ce ya faɗa maka ranar da zai dawo, da abin da zai faru in ya tafi cin rani Legas ko ya tsallaka Maraɗi ba da izini ba, nan take za ka ga inda zancen ya tsaya masa.

Wurin da fom ya fi ba da wahala shi ne adireshi. Fom yana son lambar gida da sunan titi. Mutumin da ke cikin lungunan Ƙofar Marusa ko Sabuwar Unguwa ce maka zai yi, "bayan masallaci, kusa da mai injin markaɗe." Wani kuma iyayensa sun baro ƙauyensu a yankin Batsari ko Jibiya saboda 'yan bindiga, yau suna wajen wannan ɗan'uwa, gobe wajen wancan. Lambar waya ma ba abin dogaro ba ce, mako biyu an sayar da wayar. Don haka na koyi neman mutum kafin in nemi gida. Wa ke jin nauyinsa? Wa yake jin nauyi? Sunan mai unguwarsu nake rubutawa, da limamin masallacin da yake sallah, da ubangidansa a gareji ko kasuwa, da laƙabin da aka san shi da shi, domin sunan yanka da ke takardar kotu ko maƙwabcinsa ba lallai ya sani ba.

Wata rana wata dattijuwa ta rako ɗanta. Ɗan fari ne, saboda haka har muka gama ba ta ambaci sunansa ba, "yaron nan" kawai take cewa, tana murza gefen mayafinta. Mahaifinsa ya rasu, kawunsa ne ya sa hannu a matsayin mai tsaya masa, sai duba agogo yake yi. Da na tambayi inda yaron ke kwana, kawun ya ce, "A gida mana." Ita kuwa ta sunkuyar da kai ta ce, "Ɗan nan, gaskiya a shagon abokai yake kwana, kuma yana shan abin nan." Maganin tari mai kodin take nufi, wanda gwamnatin tarayya ta hana haɗawa da shigowa da shi tun 2018 amma bai bar unguwanni ba. Wannan magana tata ce ta sa muka nema masa masu ba da shawara kan shaye-shaye tun makon farko, muka kuma sa kwana a gida cikin abin da za a riƙa dubawa. Tun daga nan, in uwa ko yaya ta zo, sai na nemi jin ta bakinta a gefe, domin mai sa hannu daban, wanda ya san gaskiyar yaro daban.

Akwai abin da muke saɓani da wasu abokan aiki a kai. Suna ganin kunyar ita ce hukuncin, a sa mutum shara a bakin kasuwar unguwarsu kowa ya gani. Ni ban yarda ba. Wanda aka tozarta a gaban surukansa da yaran da ke gaishe shi, ba abin da ya rage masa da zai ji tsoron rasawa, kuma ƙauraye, wato 'yan daba, na nan suna jiran irinsa da hannu biyu. Nakan ba da shawarar a kai shi asibiti ko makaranta a wata unguwa, ya yi aikin sosai, a rubuta sa'o'insa ba ragi. Ina kuma tambayar sana'arsa kafin a tsara lokaci. Mai tuƙa keke Napep da ke kai wa mai shi balas kullum, in ka cinye masa safiya ka raba shi da abincinsa, kuma yunwa ce za ta mayar da shi gaban alƙali.

Wanda aka fi mantawa da shi shi ne mai ƙara. Mutum ya kai ɓarawon akuyarsa kotu, washegari ya gan shi yana shan shayi a bakin titi, dole ya zaci an ba da cin hanci. Yana da haƙƙin a yi masa bayani. Nakan nemi lambarsa tun ranar farko, in gaya masa hukuncin da aka yanke, da diyyar da kotu ta ce a biya shi in akwai, da wanda zai kira in aka yi masa barazana. Wasu sukan yi mini faɗa, kuma ina sauraronsu har su gama, don su aka cuta. In ɓangarorin biyu sun amince, mukan zauna a zauren mai unguwa a yi sulhu, wanda dokar 2019 ma ta lissafa shi cikin ayyukanmu.

Ranar dawowa ta farko ba na bari ta wuce mako guda, kuma ba na sa ta ranar Juma'a ko ranar kasuwar garinsu. Ana gobe zai zo, sai in kira mai tsaya masa in tuna masa, in kuma ce su zo tare.