Cokalin katakon da aka ajiye min a Melbon

Watan Yulin 2022 na sauka Melbon ta ƙasar Ostireliya, lokacin a gida Zariya damina ta kankama ana ta sa wa masara taki, nan kuwa tsakiyar hunturu ne don komai nasu a juye yake, Disamba zafi, Yuni da Yuli sanyi, ƙarfe biyar da 'yan mintuna gari ya yi duhu. Karatu ne ya kawo ni amma duk wanda ya zo da bizar ɗalibi ya san dole ka haɗa da aiki, kuɗin haya ma da mako ake faɗinsa a nan ba da shekara ba irin namu, kafin ka numfasa wani makon ya zagayo. Haka na samu aiki a wani babban sito a yammacin birnin, mu sauke kaya daga kwantena mu jera, a kan ƙafa tun shida na safe.

Tun firamare da Turanci aka koyar da ni, amma wallahi satin farko rabin maganar da ake yi a siton nan ba na kamawa. Mutanen nan ba su bar wata kalma da tsawonta ba. Yamma ita ce arvo, karin kumallo brekkie, gidan mai servo, mai gyaran wuta sparky, kafinta chippy, hutun da ake ba mu ƙarfe tara da rabi kuma smoko suke ce masa ko da ba ka taɓa riƙe sigari ba. McDonald's ma Maccas ne. Sannan ga yeah nah wadda ke nufin a'a, da nah yeah wadda ke nufin e, sai da wani ɗan Sudan ta Kudu da ya girma a nan ya ce min kalmar ƙarshe kawai zan riƙa saurara.

Wannan duk mai sauƙi ne, kunne yana sabawa. Gaisuwa ce ta fara ci min rai. Mutum zai ce maka how ya going yana tafiya, ni kuma in tsaya in juyo in fara amsawa yadda aka tarbiyyantar da ni, in tambaye shi iyali da gajiya, kafin in rufe baki ya kai ƙarshen layi. Na yi kwanaki ina jin kamar ba a ɗauke ni mutum ba. A gidanmu in ka gaida Baba a tsaye ma sai an yi maka faɗa, balle ka jefa gaisuwa kana wucewa.

Sai kuma maganar suna. Shugaban ɓangarenmu dattijo ne, ya haura sittin, furfura ta gama cin kansa, sa'an mahaifina ne ko ya ɗan girme shi, amma yara 'yan shekara sha tara da sunansa suke kiransa gatsau, har su gutsure sunan. Bakina ya kasa. Na ce masa sir ya ce kar in ƙara, shi ba malamin makaranta ba ne, na ce boss ya yi dariya, ƙarshe dai na koma ce masa Baba na bayyana masa abin da take nufi a wurinmu, ya yi shiru kaɗan ya ce to ya yarda. Nawa sunan kuma tun kwana na uku suka yanke shi, sunana yana farawa da Abdul ne, suka bar harafi uku kawai. Abin ya dame ni sosai don suna ne mai ɗauke da sunan Allah, har na kira yayana ina ƙorafi, tsakaninmu awa tara ne a lokacin, ni ina shirin kwanciya shi yana dawowa daga azahar. Ya ce kai ɗan'uwa, mu da muka mayar da Abdullahi Audu, Muhammadu Mamman, Ibrahim Iro, Khadija Dije, me za ka ce wa Bature? Na yi shiru don gaskiya ya faɗa. Daga baya na ga firaministansu ma bai tsira ba, Anthony Albanese kowa Albo yake ce masa, wanda ya gada kuma Scott Morrison ScoMo ne, har a jarida.

Tsokana ce dai ta kusa sa na bar aikin. Ina shan shayi irin namu, madara ta ji, sukari cokali uku, mutanen Melbon kuma kofi ne abin alfaharinsu. Baban nan ya ga kofina rana ɗaya, daga ranar kullum a smoko sai ya ce a ɓoye gwangwanin sukari ga shi nan ya iso, kowa ya kwashe da dariya. Gobe jaket ɗina ne, jibi yadda nake tuƙa keken ɗaukar kaya a hankali kamar na ɗauko amarya. Ni a ganina dattijo yana wulaƙanta ni gaban yara ne, in koma ɗaki raina a ɓace, har na fara duba wani aikin a waya. Wannan ɗan Sudan ɗin ne ya zaunar da ni a tashar tireni wata arvo, ya ce ka lura da wancan sabon yaron da kowa ke masa magana cikin ladabi, please da thank you? Na ce e. Ya ce to shi ba a karɓe shi ba tukuna, kai kuma an karɓe ka, ba sa tsokanar wanda ba su so.

A cikin tireni ina ta juya maganar, sai abin ya faɗo min, ashe wasan taubasai ne. Ni Bazazzagi da na taso ina cacar baki da Kanawa, duk inda na haɗu da Bakano ko ban san shi ba sai ya ce min bawansa ne ni in ce shi ne nawa, mu rabu muna dariya har da musayar lamba. Fulani da Barebari haka, Katsinawa da Nufawa haka, Gobirawa da Yarbawa haka, jika da kaka ma ai haka ne. Bambancin dai namu yana da layi, ka san wa ke da hurumin yi maka wasa tun kafin a haife ka, su kuwa kowa taubashin kowa ne in dai an saba, yaro ya tsokani oga, oga ya tsokani yaro, kuma wanda ya fiye ɗaga kai shi aka fi sara, suna ma da suna ga wannan ɗabi'ar, tall poppy, wato furen da ya fi sauran tsawo shi ake fara yankewa. Suna da nasu taubasantakar ta gari da gari ma, Melbon da Sidni ba sa ga maciji a baki, har Kanbera aka gina a tsakani ta zama babban birni saboda babu wanda zai yarda ya bar wa ɗaya. 'Yan Niyu Zilan kuma su ne taubasan ƙasar gaba ɗaya.

Akwai dai barkwancinsu da har yau bai shige ni ba. A Disambar 1967 firaministansu Harold Holt ya shiga teku yin iyo a kudu da Melbon bai fito ba, ba a ga gawarsa ba har yau, kuma akwai wurin ninƙaya a cikin birnin nan da aka sa wa sunansa. Duk wanda zai ba ka labarin nan yana dariya yake bayarwa. Ni da na ji iyalinsa na tuna, mutum ya ɓace ba jana'iza ba kabari, ban iya dariyar ba kuma ban ɓoye musu ba.

Kuma ba kowace dariya ce wasa ba, wannan ma na gani da idona. Wani da aka kawo mana aikin wucin gadi ya ga ni da ɗan Sudan muna zaune ya ce a riƙe walat ga gang ɗin Afirka nan. Maganar tana da tushe mai ɗaci, a 2018 an yi ta yayata labarin gungun matasan Afirka a Melbon, har Peter Dutton yana minista a lokacin ya ce mutanen garin suna tsoron fita cin abinci da dare, yaran Sudan ta Kudu da ba su ji ba ba su gani ba suka sha kallo da bincike a kantuna. Abokina ya sunkuyar da kai, na ga yadda hannunsa ya matse kofi. Babu wanda ya yi dariya. Baba ya ajiye sanwicinsa ya dubi mutumin ya ce pull your head in, mate, wato shiga taitayinka, aboki. Ranar na san kalmar mate kala biyu ce, akwai ta zumunci wadda ake ja, akwai gajeriya mai sanyi wadda in an faɗa maka gara ka kama kanka. Mutumin bai ƙara ba. Dattijon da nake zaton yana raina ni shi ne ya tsaya mana, na daɗe ina tuna wannan.

Siyasa kuwa a smoko ake yinta kamar majalisar mai shayi. Lokacin ƙuri'ar raba gardama ta 14 ga Oktoban 2023, kan a ba 'yan asalin ƙasar wata majalisar ba da shawara a cikin tsarin mulki, siton ya rabu biyu, ƙarshe kusan kashi 60 cikin ɗari na ƙasar suka ce a'a. Abin ya taɓa ni, don a jami'a kowane taro sai an buɗe da ambaton Wurundjeri, mutanen da Melbon ke kan ƙasarsu tun dubban shekaru kafin jiragen Ingila su iso Sidni a 1788, na ɗauka girmamawar bakin za ta kai akwatin zaɓe. Zaɓe a nan dole ne ga ɗan ƙasa, in ka ƙi zuwa babu uzuri tarar dala 20 ce, ranar Asabar ake yi, a harabar makarantu ana gasa tsiran Bature ana sayarwa a cikin burodi, democracy sausage suke ce masa. Ranar 3 ga Mayun 2025 na raka maƙwabcina na tsaya a waje tunda ni ba ni da ƙuri'a, ba soja ba ɗan daba, mutane da karnukansu da yaransu a layi, minti ashirin ya fito. Da dare aka ce Albo ya koma, Dutton kuma ko kujerarsa ta majalisa bai riƙe ba. Na tuna layin zaɓen 2019 a unguwarmu da yadda muka wuni a rana, na yi mana addu'a.

Sai footy. A Melbon ba a tambayarka ko kana kallo, tambayar ita ce wa kake goyon baya, kuma ba ƙwallon da muka sani ba ce, doguwa ce kamar gwanda, mutum sha takwas kowane ɓangare, a buga da ƙafa a doka da hannu a kama juna a kayar. Juma'ar da ke gaban wasan ƙarshe hutu ce a jihar Biktoriya gaba ɗaya, filin MCG yana cin mutum kusan dubu ɗari. Na zaɓi Richmond saboda Bachar Houli, Musulmi ɗan asalin Labanan da ya ci kofi da su a 2017 da 2019 da 2020, mutumin da bai taɓa ɓoye sallarsa da azuminsa ba, ko da yake ya yi ritaya kafin in zo. Baba kuwa ɗan Collingwood ne na jini, ƙungiyar da duk sauran suka haɗu a kan tsokanarta, wai magoya bayanta ba su da haƙora. Da suka ci kofin 2023 sati guda ba mu huta ba.

A azumin 2024, wanda ya faɗo a Maris, kullum sai ya ce yau kamfani ya samu ribar sukari, amma na lura ya daina cin sanwicinsa a gabana, yana fita waje da shi, kuma ba tare da na roƙa ba ya sauya min ranar aiki don in samu sallar Idi. Da na je yi masa godiya ya ce no worries ya juya abinsa, ba ya son a daɗe ana gode masa.

A wannan shekarar ta 2024 Richmond ta ƙare a ƙarshen tebur, wasa biyu kacal ta ci. A al'adarsu wanda ya zo na ƙarshe an ce ya ci cokalin katako. Ranar Litinin na buɗe lokata sai ga cokalin katako sabo fil, an ɗaura masa ƙyalle rawaya da baƙi kalar Richmond, duk sito an yi tsit ana leƙena. Na ɗaga shi na juya shi, na ce Baba na gode, dama ba ni da muciya, tuwo zan tuƙa maka da shi tunda ɗan Collingwood ba shi da haƙoran cin nama. Wallahi sai da wani ya zauna a ƙasa don dariya, Baba ya yi ja har kunne yana buga tebur yana cewa a kore ni a kore ni.

Tuwon kuwa na tuƙa shi. Ranar Lahadi muka haɗu a wani filin shaƙatawa da ke da murhun gashi na lantarki kyauta, irin wanda ƙaramar hukuma ke sakawa, barbie suke cewa. Na sayo naman rago na halal a Sydney Road, garin semo da kuɓewa daga shagon 'yan Afirka a Footscray, yajin ƙuli kuma da kaina na daka don ba a barin kilishi ya wuce filin jirgi a ƙasar nan. Baba ya zo da matarsa da akwatin ƙanƙara cike da lemo, ya ce ya bar giyar a gida saboda ni. Ya ci tsire tsinke huɗu hawaye na zuba saboda yaji, tuwon kuma da cokali mai yatsu ya fara sai matarsa ta ce ya wanke hannu ya ci yadda ya ga ina yi. Yanzu har sababbin yaran da ake ɗauka aiki a siton Baba suke ce masa, wasunsu sun ɗauka sunansa ne na yanka.